Kwana Goma Sha Tara

Kwana goma sha tara ya rage
mu bar Tiga mu nufi Ƙaraye,
inda injin jirgin Barau ya nutse tun ruwan bara,
yana kwance cikin laka, gaba bakwai daga hasken rana.
Yayana Nomau ne zai sauka.
Ni ne mai riƙe igiya.

Daren nan ya ciro abin numfashinsa daga tsohuwar randa,
inda yake ɓoye shi saboda ɓera,
ya ɗaura a bakin tulun iska, ya murɗa.
Sai muka ji wani ɗan tsaki
siriri, ba ya yankewa,
irin na tsohuwar da aka taka wa tabarma.

Ya ce, "Haka yake yi in ya daɗe bai ga ruwa ba."
Na tashi na kaɗa sabulu a kwano,
na shafa a mahaɗar bututun.
Kumfa ta taso, ɗaya, biyu,
ta uku ta kumbura har na ga fitila a cikinta.

Ya ce, "To, jajiberen tafiya ma biya ta Kano,
Malam Sallau ya duba,
kuɗin mota ɗaya ya yi aiki biyu."
Na ce, "Yaya, ba a fafe gora ranar tafiya."
Ya ce ni da ban taɓa wuce ruwan cibiya ba
me na sani?

Na san lissafi.
Malam Sallau ma'aunin iskar asibiti yake gyarawa,
namu sai ya sami sarari.
Zoben robar nan da bai kai ƙwandala ba
daga Legas ake aiko shi,
mako guda, in motar ba ta kwana a hanya ba.
Kuma sabon gyara sabon takalmi ne,
sai an taka ake sanin inda yake cizo.

Bai amsa ba.
Da asuba dai na ji yana ɗora buhun albasa a kan babur,
albasar da ya ce ba zai sayar ba sai ta yi tsada.

Kwana goma sha ɗaya abin ya yi a birni.
Ya dawo cikin leda, yana warin sabon mai,
da ƙaramar takarda mai kwanan wata.
Nomau ya so ya mayar da shi randa.
Na ce mu je bayan gonar tumatirin Jatau,
inda ruwa ke tsayawa a ƙirji,
inda in numfashi ya ƙi, miƙewa kawai mutum zai yi.

Ya nutse.
Na ƙirga ashirin.
Ya miƙe yana tari, idanu jawur,
iska na kwarara daga bakin abin ba birki,
tulun na ƙarewa kamar garin da aka huda wa buhu.
Ya daɗe yana kallona, ruwa na ɗiga daga gemunsa.
Ya ce, "Saura kwana nawa?"
Na ce, "Bakwai."

Malam Sallau bai yi musu ba.
Ya ce sabuwar roba takan zauna bayan an shaƙa,
ya ɗan juya wani ƙaramin noti rabin zagaye,
bai karɓi ko sisi ba.
Muka sake komawa bayan gonar Jatau, sau biyu,
har yaran da ke korar tsuntsu suka gaji da kallonmu.

Gobe Ƙaraye.
Na shanya igiya a kan danga, na bi ta taƙi taƙi da yatsa.
Ja ɗaya, lafiya.
Ja biyu, a fito da ni.
Nomau na barci, yana minshari,
na kasa kunne wajen tulun da ke jingine a zaure.
Shiru.
Sai gyare.